Rakiyar Kaka

Wata Laraba da damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ina wasan carafke a tsakar gidanmu na Kwarbai sai ga Kaka ta fito da ƙullin kaya a ka: buta, tsohon zani, da ludayin miyar da aka yini ana nema. Ta ce ta gode da karamci, za ta koma gida kafin hadari ya taso. Gidan da take yi wa sallama kuwa a cikinsa ta haifi 'ya'yanta duka.

Lokacin ruɗewar tsufa ta yi nisa da ita. Gwaggo Rabi, yayar Babanmu kuma 'yar farin Kaka, ita ta ajiye aikin koyarwa ta dawo jinya: wanka, wanki, abinci a baki, ga tsaron ƙofa kullum bayan la'asar, Kaka na kuka tana cewa an tsare ta. Gwaggon da ake jiyo dariyarta daga zaure ta rame, ta daina zuwa biki da suna. Nakan iske ta a madafi tana hawaye, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne Kaka ta daina gane ta, "matar gidan nan" take ce mata. Dama saboda kunyar 'yar fari Kaka ba ta taɓa kiran sunanta ba, yanzu kuma Gwaggo na ganin shi ke nan har abada.

Ran nan gajiya ta hana Gwaggo tare ƙofa. Ta ce, "Ku raka ta, ai ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai." Ni da ƙanwata muka karɓi ƙullin, muka bi lungu, muka wuce masu ɗinkin hula a gindin dalbejiya, Kaka na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, muka zagaya bayan masallaci muka dawo ƙofarmu, muka rangaɗa sallama. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma tana "Maraba da mutanen nesa!" Kaka ta zauna ta sha ruwa, ta ce kai, tafiyar nan da nisa. Dariya ta ƙwace wa Gwaggo har da riƙe ciki.

Daga nan rakiya ta zama aikinmu, har faɗa muke a kan ɗaukar buta. Kafin mu dawo Gwaggo ta yi wanka a natse, wani lokacin har kitso.

Wata rana bayan maraba, Kaka ta ƙura wa Gwaggo ido ta ce, "Baiwar Allah, kin tuna mini da Rabi tawa. Ita ce ta fari. Ban taɓa faɗa mata ba, amma duk cikin 'ya'yana babu mai haƙurinta. Allah ya yi mata albarka." Gwaggo ta ce, "Amin, Hajiya. Zan faɗa mata." Ta shige madafi. Wannan karon da na bi ta ba ta ce hayaƙi ne ba.

Yau lungun ya cika da babura, dalbejiyar ma an sare ta, kuma ni ke jinyar tawa uwar. Idan la'asar ta yi ta fara ɗaure kaya, ba na tare ƙofa. Tabarma nake ɗaukowa.