Kwikwiyon Baba Arzika

"Kin ji? Ya sake."

"Karen ko tsohon?"

"Tsohon mana. Na karen ba ya ƙarewa da tari."

"Innalillahi. Mutum da furfura har gemu, ya sakaya ƙofa shina kai-kai-kai kamar an taka mishi wutsiya."

"Ki bari dai. Wanda ya ga abin da suka gani a daji, in ya tsaya a kukan kare ai ya yi ƙoƙari."

"To ni dai a ɗaure shi da kyau. Jiya zanena ya jawo daga kan igiya."

"Tsohon ko karen?"

"Ke, Allah shi shirye ki."

Matan gidan haya ne biyu suke wannan hira a bakin rijiya, a wani lungu na Sabon Garin Gusau. Wanda suke nufi yana cikin ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, zaune a kan buzu, da wani jan kwikwiyo a gabansa. Sunansa Baba Arzika. Kuma ba ƙarya suka yi masa ba, shi ne yake kukan.

A ƙauyensu, can bayan 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, ba wanda zai ji wannan kuka ya kira shi hauka. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a tsakani. Da rani yakan shiga farauta. Amma abin da aka san shi da shi karnuka ne, wasu jajaye masu dogayen ƙafafu da fari a ƙirji, irin da ya gada wurin mahaifinsa. Ba su da yawan haushi. Su kori biri daga gona, su kamo zomo ba su huda masa fata ba, yaro kuma ya ja musu kunne su kau da kai kawai. Bai taɓa sayar da kwikwiyo ba. In ka roƙa, sai ya zo gidanka tukuna ya ga inda za ka ajiye shi, ya saurari yadda kake yi wa akuyarka tsawa. Da yawa sun roƙa ba su samu ba.

Ranar da 'yan bindiga suka aiko cewa kowa ya bar ƙauyen, karyarsa tana ƙarƙashin rumbu da 'ya'ya, idanunsu bai daɗe da buɗewa ba. Ya yi mata fito. Ta leƙo, ta dube shi, ta koma ta kwanta. Ya sake yi, ko motsi ba ta yi ba. Direban da ya yarda ya kwashe su yana ta kiran a yi sauri. Sai ya zura hannu ya ɗauko wanda hannunsa ya fara taɓawa, ya sa a aljihun taguwa.

Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza sun watse neman abinci. Sai Gusau, gidan autarsa Safiya da mijinta Zaharaddini tela. Zaman gidan suruki ba abin da dattijo ke fata ba ne, shi ya sa bai cika fitowa tsakar gida ba. Kwikwiyon kuwa da yatsa ya raine shi: ya tsoma cikin koko da madara ya sa masa a baki. Da haƙora suka fito kamar allura, ɗan karen bai san wani abin kamawa ba sai hannun mutum. Ya ga ƙafa ya kama, ya ga bakin zane ya rataya, ya ji an yi dariya ya hau tsalle har fitsari ya kufce masa.

Wata rana Safiya ta kawo masa tuwo, ta tsuguna a bakin ƙofa ba ta tashi ba.

"Baba, don Allah ka daina wanga kuka. Mata na cewa iska ta taɓa ka. Har Lami ta ɗakin tsakiya ta ce in kai ka wurin mai ruƙiyya."

"Auta, zauna ki ji. Kare ba a haihuwarshi da sanin ƙarfin haƙorinshi. 'Yan'uwanshi ka koya mishi. Ya ciji ɗan'uwa, ɗan'uwa ya yi ƙara, wasa ya mutu. Ya ciji nono, uwa ta tashi ta bar shi da yunwa. Da haka shika gane inda zai tsaya. Wanga ba uwa, ba ɗan'uwa. In ban yi mishi kukan ba, wa zai yi? Ke?"

"Allah shi kiyaye. A zane shi mana, ya ji tsoro."

"In kin zane shi, hannu zai tsana. Karen da ke tsoron hannu shi ka cizo na gaskiya."

Ya miƙa wa kwikwiyon hannu don ta gani. Da haƙori ya taɓa fata, sai tsohon ya ƙwalla ƙara siririya, ya janye hannun, ya juya wa karen baya kamar wanda aka ɓata wa rai. Kwikwiyon ya tsaya cak, ya karkata kai, ya zauna. Sannan ne Baba Arzika ya juyo ya ba shi wani guntun ƙirgi da ya roƙo wurin mahauta, ya ce wannan ne na taunawa. Safiya ta yi dariya ba ta so ba, ta rufe baki da gefen mayafi.

A cikin ɗaki abin yana ci. A waje ne ba ya ci. Gidan yara ne da yawa, kuma sun gano cewa in suka ruga da gudu suna ihu, ɗan karen zai bi su. Duk abin da tsohon ya gina da safe, kafin azahar sun rushe shi. Ya san maganin: kare irin wannan gudu yake buƙata har ya faɗi don gajiya, da kuma babbar karya da za ta danne shi da ƙafa in ya wuce gona da iri. Ya gwada fita da shi bayan unguwa, samari suka bi su da jifa. Sai aka koma ɗaure shi a bayan ɗaki. Yini guda a igiya, in an kwance shi sai ya zama kamar an zuba masa wuta.

Ga kuma yawu. Duk rigar da ya lasa sai Safiya ta wanke, duk butar da ya sa wa baki sai an cuɗe ta da ƙasa. A masallacin unguwa Baba Arzika ya lura in ya shiga sahu, na kusa da shi yakan ɗan matsa, yana tattare babbar riga. Ya koma tsayawa a ƙarshen sahu, jikin bango.

Abin ya faru da hantsi, yana wurin mahauta neman ƙashi. Ƙaramar ɗiyar Lami ta gilma da gudu da awara a hannu, igiyar ta suɓuce. Ba wani cizo ba ne, haƙori biyu ne suka karce mata sha-raɓa, amma jini ya fito. Kafin ya dawo an kai yarinya asibiti an fara mata allurai, Lami kuma tana tsakar gida ɗankwali a ƙugu.

"Mun yi haƙuri da haushi, mun yi haƙuri da wari, yanzu kuma naman ɗiyanmu za a ba shi? In mahaukaci ne fa? Wa ya san abin da ya kwaso daga daji, shi da ubangidan nashi?"

Mai gidan hayar ya aiko: ko kare ya fita, ko masu kare su fita. Zaharaddini mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga ido ya dubi surukinsa ba. Ya zo ya durƙusa nesa da buzu, yana murza hularsa.

"Baba, ni ba ni da ta cewa. Sai dai in aka tashe mu, ban san inda zan kai ku ba. Akwai masu zuwa da babur da keji, suna sayen karnuka su yi kudu da su..."

"Na san inda suka kai su."

"To, Baba."

Mutum ɗaya ya rage wa Baba Arzika a duniya da zai iya nufa. Shehu, Bafulatani, wanda suka yi shekaru suna musayar kwikwiyo, har jinin karnukansu ya zama ɗaya. An ce masa yanzu yana gefen Nahuce ta ƙasar Bungudu. In akwai sauran karya irin tasu, wurinsa take. Washegari ya samu wata a-kori-kura mai komawa da buhuna, direban ya yarda ya zauna a baya da karensa. Duk hanya kwikwiyon yana tauna masa bakin hannun riga, bai hana shi ba.

Ya iske Shehu a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha, yana tufkar igiyar sayarwa. Ya rame, har sai da ya yi magana sannan Baba Arzika ya tabbata shi ne.

"Kaɗo! Ashe kana da rai?"

"Ga ni, Ɗan Fulani. Kai ne kake tufka igiya ba abin ɗaurewa?"

"Na wasu nike tufkawa."

Suka gaisa, suka jajanta wa juna, suka lissafa waɗanda suka mutu. Masu shayi na tsallaken hanya suka daina hira suna kallonsu, don a wannan zamani Bahaushen ƙauye da Bafulatani su zauna tabarma ɗaya abin a sa wa ido ne. Kwikwiyon ya kama igiyar da Shehu ke tufkawa ya hau ja yana gurnani. Shehu ya ɗaga masa leɓe ya duba haƙora, ya shafa farin ƙirjin.

"Jikan karena Ja-gaba ne wanga. Ga ƙafar nan. Da wuri ka raba shi da uwa."

"Ba ni na raba su ba. Shi ya sa na zo. Ka haɗa shi da karyarka, ko wata guda ne, ta kwaɓe shi. In ya natsu naka ne."

Shehu ya ci gaba da murza igiya a cinya.

"Arzika, shanuna dai, mutanen daji suka kore su. Karnukan kuwa mutanen gari suka sa musu guba, wai suna yi wa ɓarayi jagora. Ko ɗaya bai rage ba. Rumfar da nike kwana ta wani bawan Allah ce, a bakin gonarshi. In aka ga kare wurina, gobe za a ce ina da waɗanda nike yi wa tsaro."

"Ba wani naku da ke da karya? Ko tsohuwa ce, ko gurguwa?"

"Masu ita sun yi nisa. Ban san ma ko wace ƙasa suke ba."

Kwikwiyon ya gaji da igiyar. Ya zo ya kwanta a kan ƙafar Baba Arzika, ya kama babban yatsansa a baki, a hankali, bai danna ba. Tsohon ya dube shi. Yau ne karo na farko da ya yi haka ba a yi masa kuka ba, kuma babu wanda zai nuna wa.

Yaran tasha suka fara kiran Gusau, saura mutum ɗaya. Gusau ba a komawa da karen. A nan ba a zama da shi. Baba Arzika ya zare yatsansa, ya miƙe da kyar, ya naɗe igiyar wuyan karen ya miƙa.

"Shehu, ban ce ka riƙe shi ba. In rana ta yi sanyi ka kai shi bayan gari, wajen da ke da ruwa, nesa da hanya, ka kwance shi. Ni in na kai shi, biyo ni zai yi. Don Allah kama igiyar nan da kyau har motar ta tashi."