Tabaryar Kawu Nomau da Dogon Yaron Inna

Duk wanda ya san Kawu Nomau ya san ba ya gaisawa sai ya ga rariya. Yakan yi sallama a zaure kamar kowane Musulmi, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, sai ya tsallake tabarmar, ya wuce matar gida tana durƙushe, ya nufi gindin katanga inda ruwan wanke-wanke ke fita. Can zai tsuguna ya shinshina, ya tona da tsinke, ya kafa guntuwar tabaryarsa a ƙasa ya ɗora kunne a ɗaya kan. Sai ya gama saurare sannan ya juyo ya ce, "To, mun kwana lahiya?" Kuma ba amsa yake jira ba, shi ne zai gaya muku ko lafiyar kuka kwana.

Ƙanen mahaifiyata ne. Da haƙar rijiya ya fara a Tsamaye, ya koma haƙar masai, daga baya ya yi shekaru yana leburanci wajen masu ɗaura bututu a Sakkwato. Ya dawo da sana'ar a kansa, ba takarda, ba akwatin kayan aiki, sai tabaryar nan da ta karye a hannun kakarmu aka yar, shi ya tsince. Tun da ya rasu a watan jiya, duk wanda ya zo mana gaisuwa sai ya ba da nasa labarin, mu fara da kuka mu ƙare da riƙe ciki. Ni nawa labarin yana tsaye a tsakar gidana: iccen dogon yaron nan da kuka zauna ƙarƙashinsa ranar addu'ar uku. Ba don Kawu ba, da tuni an dafa tuwo da shi. Za ni kai ku can, amma bari ku fara jin irin mutumin da na dogara da shi ranar da gatari ya shigo gidana.

A shekarun farin nan da damina ta yi mana gardama sau biyu a jere, muna da wata maƙwabciya a Sabon Birni, Hajiya Balki, Allah ya jiƙanta. Duk wadda ta shiga gidanta, kafin ta zauna an fara yi mata kukan babu: ko ƙwayar hatsi ba ta da ita, tafasa da ƙuli suke ci. Sai rariyarta ta toshe, ruwa ya kwanta mata a tsakar gida, ta aika a kira Kawu. Ya tsuguna ya zura tsinke, ya ɗago, ya duba bakin tsinken ya daɗe, mata uku na tsaye suna kallo.

"Hajiya," in ji shi, "rariyar ga ta hi ki arziki. Ke kina cin tahwasa, ita shinkahwa take ci, har da man shanu."

Wayyo, ina ƙasa ta tsage! Da yamma sai ga kwanonin shinkafa daga gidan Hajiya sun zaga gida huɗu. Kawu ya riƙa cewa bai taɓa aiki mai albarka irin na ranar ba, tsinke guda ya buɗe rariya biyu.

Wajen tattalin ruwa kuwa ba a magana. Da rabin gwangwanin madara yake alwala, ta cika tsaf ba inda ya bari, kuma ba ya yin ta sai a gindin wani abu mai ganye, don kada ɗigo ya faɗi a banza. In an kira shi duba makewayi, buta ɗaya yake karɓa. A kawo masa bokiti sai ransa ya ɓaci, ya ce abin da buta guda ba ta faɗa maka ba, gulbi ma ba zai faɗa maka ba.

Wani Alhaji dillalin shanu a Isa ya gina makewayi na zamani don baƙi, mai farin kwano da tanki. Da ruwa ya yi wuya sai ya sa masa kwaɗo, wata da watanni ba mai shiga. Sai wari ya tashi, ya cika falo, ya kori baƙin da aka yi ginin dominsu. Alhaji ya ce ba yadda za a yi ɗakin da ba a shiga ya yi wari, sai dai in wani maƙiyi ya binne masa abu. Aka ƙona turare, aka yi sauka, har ya sa ranar fasa daɓen. Kawu ya zo ya leƙa kwanon, ya ce kowa ya fita a ba shi buta guda. Ya tuttula ta, ya fito ya zauna ya nemi goro. Kafin ya gama taunawa iska ta fara sauyawa. Nan ya yi bayani cewa ƙarƙashin kwanon akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ne ƙyauren da ke tare warin rami, to zafi ya shanye shi, ƙofa ta zauna a buɗe.

"Makewayinka ƙishirwa yake ji, Alhaji. Ranar da ka ba shanu, ka ba shi."

Alhaji bai ji daɗi ba ko kaɗan, maganin ya yi masa araha da yawa. Ya tambaya ko ba wani abin da za a ɗan tofa. Kawu ya ce ya yi bisimilla tun a waje kafin ya sa ƙafar hagu, ta isa.

To, nawa. Mu ma muna da irin wannan makewayin, maigidana, baban Sa'a, ya sa aka yi shekarar aurenmu, yana ji da shi ƙwarai. Dogon yaron kuwa Innata ta kawo shi daga Tsamaye a cikin gwangwani, ɗan tsiro kamar tsinken tsintsiya, ta tona da hannunta ta dasa, ta ce gidan da ba inuwa baƙo ba ya daɗewa. Bai kai kafaɗata ba Allah ya karɓi abarsa. Ba ta bar mini zinariya ba, ba ta bar hoto ba, iccen nan ta bar mini.

Da farin nan ya yi tsanani famfo ya ɗauke, sai ruwan da 'yan ga-ruwa ke kwarfowa daga ramuka cikin yashin gulbi, muka koma kora makewayi da bokiti. Sannu a hankali makewayin ya fara nawa wajen saukar da ruwa. Daga baya in an zuba ruwa sai ya taso har baki ya tsaya yana kallon mutum, ba ya sauka sai la'asar. Muka koma shiga masan maƙwabta, ni da 'ya'ya da maigida, abin kunya ba kaɗan ba. Baban Sa'a ya ɗauko wani mai gyaran famfo daga Isa, mai babur da doguwar waya. Ya zura wayar ta cije, ya ɗaga kai ya ga icce, ya ce saiwa ce ta shiga bututu neman ruwa, in ba a sare ba ko an gyara za ta koma. Baban Sa'a ba mugu ba ne, ya san abin da iccen yake a wurina, amma ya gaji da sallama a gidan mutane da buta a hannu. Ya yi magana da mai saran icce, aka sa washegarin kasuwa. Ban yi masa musu ba. Na tari wata mai daddawa 'yar Tsamaye na ce ta gaya wa Kawu za a sare iccen yayarsa.

Ga mota na zuwa daga Tsamaye, amma Kawu ya ce mota na girgiza kunne ta ɓata masa ji, jaki ya hau. Hantsi ya yi, mai gatari ya iso, ya tuɓe riga, yana wasa bakin gatarin a dutse, ni ina madafa ina ta salati hawaye na ɗiga cikin gari. Sai na ji sallamar Kawu. Na ce alhamdu lillahi, na fito da gudu. Kun san ina ya nufa? Rariya! Gatari na sheƙi a gindin iccen yayarsa, shi yana can yana shinshina ruwan kanwa. Sai da ya gama tsaf, ya ce mun kwana lahiya, sannan ya tako ya zauna ya jingina bayansa da iccen, daidai inda za a sara.

Baban Sa'a ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ai gwani ya riga ya duba.

"Da mi ya duba?"

"Da waya, Kawu."

"Wayar tana da kunne?" Ya nuna sama da tabarya. "Dibi iccen ga. Ganye ya yi ɗorawa, rassa kamar haƙarƙarin tsohuwar akuya. In da ruwan makewayinku yake sha, da kun gan shi kore shar, ya hi kowane icce na Gobir. Ka taɓa ganin ɓarawon nama da ƙashin wuya a waje?"

Mai gatari ya daina wasawa. Kawu ya ce in ɗauko buta guda in shiga in zuba a hankali, sai ya ce tsaya in tsaya. Ina zubawa yana rarrafe a bayan ɗaki, ya kafa tabarya ya saurara, ya matsa ya sake kafawa, tsoho da furfura yana jan gwiwa cikin ƙura. Taku uku daga bango ya ce tsaya. Ya zana da yatsa, ya ce nan ruwa ya yi shiru, a gwiwar bututu, icce kuwa yana can taku goma sha biyu. Sannan ya kira ni ya tambaya da me nake wanke tukwane. Na ce yashin gulbi da toka, kamar kowa, sabulu ya zama sai wane da wane. Ya ce ruwan fa, ina nake kai shi? Ni kuwa har da gyara tsayuwa, na ce tara shi nake a bokiti in kora makewayi da shi, ko ɗigo ba ya ɓacewa, kamar yadda ya koya mini.

Kawu ya dafe kai. Mai gatari ne ya fara ƙyalƙyalewa.

"Kulu, ɗiyata," in ji Kawu, "tattalin ruwa na koya miki. Ban ce ki yi wa mijinki gini cikin bututu ba."

Mutumin da ya zo saran icce shi aka miƙa wa fartanya. Kawu na zaune a inuwa yana ba da umarni, shi yana tono. Da aka buɗe gwiwar, yashi da toka da maiƙon miya sun haɗu sun daskare kamar siminti, sai da aka sa guduma. Saiwa kuwa ko kamar silin gashi babu. Ashe ni ce na kusa kashe iccen uwata da hannuna, bokiti bayan bokiti, ina ganin lada nake samu. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Baban Sa'a ya dubi tulin yashin, ya dube ni, ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Shekara guda cur Sarkin Magina yake kirana. Kawu ya kafa mini doka: ruwan wanke-wanke ya zauna a bokiti sai ya kwanta, na sama a ba makewayi, guiɓin ƙasa a kai gindin icce. Har yau haka nake yi, ko da famfo na zuba.

Da zai hau jakinsa ya ja baban Sa'a gefe, amma na ji. Ya ce masa, "Yayata ta dasa shi. Duk wanda ya sha inuwatai, lada na isko ta inda take. Bututu ana sayen wani." Ya goge ido da bakin rawani, ya ce tokata ce ta shige masa.

A gidan nan ya ƙare kwanakinsa, da ƙafa ta ƙi. Kullum sau biyar a gindin iccen nan yake alwala da rabin gwangwaninsa. Kwana biyu kafin ya cika, yana kwance ido rufe, muna zaton barci yake, sai ya ce a gaya wa Sa'a ta daina zuba ganyen shayi a rariya, yana ji.

Tabaryar na rataye ta a reshen dogon yaro, ba wanda ya iya jin komai da ita. Ya Allah, bawanka Nomau ya wanke wa bayinka ƙazanta bai taɓa yamutsa fuska ba, ka wanke shi daga zunubansa. Ka sada shi da yayarsa a inuwar da ba mai sarewa, ka shayar da su daga Alkausara, inda ba sai ya auna da gwangwani ba. Amin.