Sallamar da Na Hana Dakta Habibu

Ina cikin bas a titin Old Kent Road na London ran Talata da hantsi, cunkoso ya tsayar da mu, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, matar Dakta Habibu. Ta ce, "Nasiru, malaminka ya rasu da asuba. Kafin ya cika ya ce in neme ka, in roƙa masa gafara. Don Allah ka yafe masa." Na yi salati, na yi mata ta'aziyya yadda ya kamata. Maganar yafiyar kuwa ban taɓo ta ba. Na ce mata zan zo jana'iza, na kashe wayar.

Tun ranar nake karanta yabon da ake yi masa, wai mutum ne mai sauƙin kai da fara'a. Ban san wannan Dakta Habibun ba. Wanda na sani mutum ne mai ɗaurarriyar fuska da kaifin harshe, kuma shekara tara na yi ina gaba da shi, alhali na san addini bai yarda a wuce kwana uku ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi abin da ya haɗa mu.

Ina karatun ɗaukar hoto a nan London makarantarmu ta shirya tafiyar ilimi a jirgin ruwa. Ana darasi a kan teku, in an isa gari a sauka a ga mutane da al'adunsu, hotunan da ɗalibi ya ɗauko kuma su ne jarrabawarsa. Dakta ne jagoranmu, kuma ni da shi kaɗai ne Hausawa a jirgin. Na ce a raina na tsinci dami a kala, naka sai naka. Ranar farko na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, barka da hantsi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya amsa da Turanci, ya wuce abinsa.

Yana da doka: ba mai sauka a gari sai ya iya gaisuwar mutanen garin da bakinsu. A ƙofar jirgi yake tsayawa yana yi mana tambaya ɗaya bayan ɗaya. "Ido ma baƙo ne," in ji shi, "sai ya yi sallama." A Lisbon na tsallake. A Tanja ta ƙasar Maroko na yi taƙama da Larabcin Islamiyya, ban koyi tasu gaisuwar ba, sai ya mayar da ni ciki. Turawa da 'yan Indiya suka tafi kallon tsohuwar kasuwa da masu rini, ni Musulmi ina zaune ina kallon hasumiyoyin masallatai ta taga har azahar. Da na yi ƙorafi ya ce jirgi ba ya jiran ɗan sarki, balle mai girman kai.

A Dakar aka yi ta ta ƙare. Mun je unguwar masunta a bakin teku, inda ake jera jiragen katako masu fenti kala-kala, mata na ƙyafe kifi, hayaƙi ya cika ko'ina. Sai ga jama'a sun ɗauko gawa. Hasken ranar ya yi kyau, fararen rigunansu suna kaɗawa, ni kuwa ban ga mamaci ba, hoto na gani. Na ruga gabansu, na durƙusa, na shiga ɗauka. Wani dattijo, wanda daga baya na ji shi ne uban mamacin, ya daka mini tsawa. Samari suka yo kaina.

Dakta ya ratsa su, ya fizge kyamarar daga wuyana, ya zare katin hotunan, ya rusuna ya miƙa wa dattijon da hannu biyu, yana ba shi haƙuri da yarensu. Aikina na mako uku yana cikin katin nan, kuma ya san kwamfutata ta lalace tun Lisbon, ba ni da kwafi a ko'ina. Sannan ya juyo gare ni. Kwana goma sha tara bai yi mini Hausa ba sai ranar. Ya ce, "Da ubanka ne a makarar nan, za ka yarda?"

A lokacin wata takwas ke nan da rasuwar mahaifina a Zariya. Ban samu zuwa ba. A wayar ƙanena na ga an sa shi a kabari, hoton yana rawa, yana yankewa. Dakta ya san haka sarai, don shi ya sa hannu a takardar hutun makokina. Ya san inda miki yake, can ya sa yatsa. Na faɗi jarrabawar, na maimaita shekara, amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Maganar ce.

Ba na musun cewa na yi laifi a Dakar, wataƙila ma ya cece ni daga duka. Amma akwai hanyoyi da yawa na gyara ɗalibi ba tare da an taɓa kabarin ubansa ba, kuma mutum mai iliminsa ya san su. Shi ya sa duk Idi in na hango shi a masallacin Regent's Park sai in sauya sahu. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a Rye Lane, yana riƙe da ledar doya. Ya ce, "Salamu alaikum, Nasiru." Na dube shi sama da ƙasa yadda ya taɓa yi mini, na wuce. Na ji daɗin hakan a ranar, ba zan ɓoye ba.

Ran Alhamis bayan an sallace shi muka kai shi maƙabarta. Jakar aikina na kafaɗata, don yanzu ni nake ɗaukar hotunan biki da suna na mutanenmu a garin nan. Babban ɗansa Faruk, likita ne haifaffen London, ya jawo ni gefe. Ya ce, "Uncle, please, za ka yi mana filming? Kakata tana Zariya, ba ta iya travelling. She wants to see him go." Tsohuwa ce a garinmu take jiran waya, kamar yadda na taɓa jira.

Na tambaye shi ko mahaifiyarsa ta amince, ya ce ita ta ce a neme ni. Na bi dattawan da ke wurin na gaishe su, na nemi izininsu. Sai a lokacin na lura cewa shekara tara ke nan ban ɗaga kyamara a kan mutum ba sai na gaishe shi, kuma na san a ƙofar jirgin wa na koyo hakan. Haushi ya sake kama ni, don ko godiyar ba na so in yi masa.

Saura mutum ɗaya ban gaisar ba. Na matsa bakin akwatin gawar, na rusuna, na ce, "Wa alaikumus salam, Dakta. Tambayar da ka yi mini a Dakar, amsarta e, zan yarda, in an yi sallama. Maganarka ta yi mini ciwo, har yau tana yi. Na yafe maka." Sannan na ɗaga kyamarar, na riƙe ta da kyau don kada hoton ya yi wa tsohuwa rawa.

Allah ya jiƙan Dakta Habibu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya yafe mini sallamar da na riƙe masa har ya daina ji. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi da lada. Allah ya ba mahaifiyarsa, da Hajiya Rabi, da Faruk da ƙannensa haƙurin rashi. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ba mu riƙe kowa ba, ba wanda ya riƙe mu. Amin.