Dabinon Niyaz Wali

Bismillahi. Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min baki.

Ɗana Niyaz Wali ɗinkin takalmi yake yi a kasuwar Charsadda, sana'ar ubansa. Hannunsa na da kyau, amma mantuwa gare shi tun yana yaro, sai a aike shi sayen sukari ya dawo da labarin faɗan zakaru. Shekarar da uban ya rasu ciwon ya same shi. Barci ya ƙaurace masa, ya ce ana kiran sunansa daga cikin bango, har wata rana muka sauko da shi daga kan soro, basilla a hannunsa. Mun yi addu'a, mun yi sadaka, daga baya muka kai shi wurin likita a Peshawar. Likitan ya ba da wata farar ƙwaya, ɗaya kullum da yamma, ya ce da ni, "Hajiya, ko ya ce miki ya warke, kada a tsallake."

Ni ban san agogo ba, kiran salla na sani. Da ladan ya ɗaga murya da magariba zan tsaya a kansa da ruwa sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Haka muka zauna shekaru, ba wanda ya sani a unguwa. Yaro ne da ba a yi masa aure ba tukuna, ga mutanenmu da baki.

Azumin bana ya ce zai shiga i'itikafi. Wace uwa ce za ta hana? Na sa masa katin maganin a aljihu, na ce, "Da ka sha ruwa ka haɗiye."

Ya ce, "Ade, kin mai da ni jariri." Ade shi ne uwa a harshenmu.

Washegari ina kaɗe shimfiɗarsa sai ga katin a ƙarƙashin matashi. Ya canza riga ya bar shi. Shi ba zai fito ba sai an ga wata, ni ba na shiga masallacin maza, kuma mai kai masa abinci mijin 'yata ne, mutumin da in ya ji magana da hantsi, kafin azahar mai shayi ya sani.

Sai na samu babban dabino, na cire ƙwallon, na cusa ƙwayar a ciki na matse, na naɗe shi daban a ƙyalle. Na ce wa surukin, "Ka ce masa wannan daga hannun uwarsa ne, da shi zai buɗe baki." Kullum haka. Na ɗan samu natsuwa.

Bayan 'yan kwanaki na kai ƙullina tanderu, na tarar da Bibi Gula, matar Kaka Sabz Ali ladan, tana mita.

"Tsohon nan nawa ya lalace. Mutumin da zakara ke jira ya tashi, yanzu a tarawihi yake gyangyaɗi, a sujada sai an zungure shi. Jiya wani ne ya kira asuba."

Wata ta ce, "Ko dai kin cika masa mai a shinkafa?"

Ta ce, "Ina na ga man? Shi dai ba ya da zance sai ɗan wannan." Ta nuna ni da haɓa. "Wai yaron kirki, kullum shi ke miƙa masa dabinon buɗe-baki, wani ƙato a ƙyalle, ya ce lada yake nema na ciyar da dattijo. Tsohon ya ce da ɗan ɗaci a tsakiya, amma ba a raina kyauta. Shi kuma ɗan naki, sun ce ba ya runtsawa, karatu yake da ƙarfi har masu barci sun fara ƙorafi."

Gurasata na cikin wuta na bar ta. Na koma gida na ɗauki katin, na zura burƙa. Hanya duk ina cewa, ya Allah kada ya kai soro, ya Allah kada tsohon nan ya mutu a hannuna.

An idar da la'asar. Na tsaya wajen tagar da ke kusa da wurin alwala. Kaka Sabz Ali na zaune a ciki ya jingina da bango, ido rabi a rufe. Na ce, "Kaka, a kira min Niyaz Wali."

Da ya zo na gane idon. Ja, a buɗe tar, ba ya tsayawa wuri ɗaya.

"Ade, me kike yi a nan? Yi magana a hankali, famfon nan yana saurare."

Tsohon na jin mu. Ba yadda zan yi magana bai ji ba. Abin da na rufe shekara da shekaru, na buɗe shi da bakina.

Na ce, "Maganinka na cikin dabinon. Kaka ne yake shanye shi."

Niyaz Wali ya riƙe ƙarfen tagar har yatsunsa suka yi fari. "Kin tona ni. A ɗakin Allah kika zo kika tona ni." Ya waiwaya yana duban matakalar da ke hawa soron masallaci. Na zura hannu ta tagar na kama bakin rigarsa.

Sai tsohon ya buɗe ido sosai. "Tsaya, 'yar'uwa. Wato ba tsufa ba ne? Har na fara raba wa jikoki agoguna!" Ya dubi ɗana. "Kai ja'iri, kai kana kwasar lada, ni ina kwasar barcinka?"

Ba wanda ya yi dariya. Niyaz Wali na huci. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya je ya zauna a kan matakalar, ya tare ta da jikinsa. Ya laluba hularsa ya zaro wani ɗan kati.

"Ka ga wannan? Na zuciya ne. Ni ma matata ke bina da shi kamar mai bin akuya. Wa ya ce maka masu i'itikafi ba sa ciwo? Kawo, 'yar'uwa, in riƙe masa."

Na miƙa katin. Ɗana ya tare hannuna.

"Ba shi ba. Ni za ki ba."

Ya buɗe tafin hannunsa. Na tuna rigar da ya canza, na tuna soro. Na sakar masa katin.

Ban koma gida ba, na zauna a gindin bango har rana ta faɗi. Kaka Sabz Ali ya kira magariba da muryarsa, sai kuma shiru, ba a ta da salla ba, har mutane suka fara gyaran murya. Can na ji tsohon daga ciki yana cewa, "Mu biyu ne, ni na haɗiye nawa." Na leƙa ta tagar. Niyaz Wali na tsaye da kofi, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Sannan aka ta da iƙama.

Bayan salla ƙarama mun koma wurin likita, na faɗa masa komai, har ya sa aka kawo tsohon ya duba shi. Yanzu katin a aljihun Niyaz Wali yake kwana. In ladan ya kira magariba ba na tashi da ruwa. Ina dai zaune kan dardumata, kunnena na wajen randa, sai na ji ƙarar murfinta, alamar ya ɗebi ruwan shan magani, nake kabbara.