Shekarar da Na Rayu a Kan Ayaba

Na daɗe da zama a Asata, cikin Inugu, kafin in daina cin duk abin da ya bi ta tukunya. Abin ya faro daga tambaya ɗaya. Wata rana a kasuwa na ga mai nama ya ari wuƙar maƙwabcinsa, sai zuciyata ta ce: to me wuƙar nan ta yanka jiya? Daga wuƙa tambayar ta koma kan injin markaɗe, daga nan ta shiga galan ɗin manja, har ta iso madafin matata.

Naman gidanmu kuwa taubashina ne yake aiko shi, mahauci ne, da hannunsa yake yanka. Duk da haka na tare shi.

"Ka tabbata ka yi bisimilla?"

"Na yi."

"Ka ji da kunnenka?"

"Saniyar ma ta ji. Kanta na can, je ka tambaye ta."

Na yanke shawarar ba zan ci komai ba sai abin da Allah Ya rufe da ɓawonsa: ayaba, lemo, gyaɗa. Dafaffen ƙwai ya so shiga, na kore shi saboda ruwan dahuwa. Ayabar ma sai na wanke ta sau bakwai, idan ƙidaya ta kuɓuce mini in faro daga ɗaya. Sau da yawa kafin in gama, yunwar ta gaji ta tafi.

Mu mazan gidan hayarmu mun saba ciyayya da rana a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa. Sai na ɗauki azumin nafila don in tsere musu, Allah Ya yafe mini wannan niyya. Kwanon matata ya riƙa fita ba ni, yana dawowa ban san ɗanɗanonsa ba.

"Malam," ta ce da ni wata rana, "tun ina amarya kake cin tuwona. Yanzu ne na koyi dafa haram?"

Na san ta fi ni gaskiya, amma sanin bai buɗe mini maƙogwaro ba. Mazagin wandona kullum sai ƙara tsawo yake yi.

Ranar wata Juma'a na ɗago daga ruku'u, masallaci ya juya, na zube a kan bawan Allahn da ke damata. Taubashina ya ɗora ni a okada, wato acaɓa, zuwa asibiti, ya zauna a bayana yana riƙe da ni.

"Riga na riƙe," ya ce wa mai okadar. "Yi a hankali, ban tabbata akwai mutum a ciki ba."

Likitar da aka tura mu wurinta 'yar ƙabilar Ibo ce, mai haƙuri. Ta ce in rubuta duk abin da na ci na mako guda, da abin da nake yi kafin in ci. Na rubuta da ajami, don da shi hannuna ya saba. Da na miƙa mata, ta juya takardar sama da ƙasa, ta yi dariya ta ce in karanta da kaina, matata ta fassara mata da Turancin buroka.

Na fara: "Asabar, ayaba biyu, wanki goma sha huɗu. Lahadi, ayaba ɗaya, wanki ashirin da ɗaya, ban ci ba, ƙuda ya sauka." Ban taɓa jin abin da kunnena ba sai ranar. Ina karantawa, matata na fassarawa. Kafin in kai Talata, kunya ta tsayar da ni.

Likita ta ce cuta biyu ne suka haɗa kai, waswasin da ke tilasta maimaitawa da kuma ƙin abinci, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, ni kaɗai ne ba a ciyarwa. Ta ba ni magani, ta ce in ci loma ɗaya ba tambaya, in zauna da tsoron har ya sauka da kansa. Ta hana mutanen gida amsa mini tambayoyin waswasina. Limaminmu ma da na je masa, ya ce abin da ban ga najasa a kansa ba mai tsarki ne, jiki kuma amana ne.

Na koma ciyayya ranar Laraba. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa, ga nama a kai. Na dubi taubashina, wanda ya zo taya mu ci.

"Wuƙar da ka..."

"An ɗaure mini baki," ya ce. "Ci ko in cinye, ɗan ayaba."

Na yi bisimilla sau ɗaya, zuciyata na cewa in ƙara. Ban ƙara ba. Loma uku na yi, gumi ya jiƙa mini riga kamar na yi dako. Da kwano ya koma ciki, taubashina ya ɗaga murya ya shaida wa matata cewa ramin da ke gefen hagu na tuwon ni na yi shi. Ta daɗe tana kallon ramin kafin ta wanke kwanon.

Watanni na ɗauka ina komawa asibiti, har yau kuma waswasin yakan leƙo, in bar shi a tsaye. Ayaba dai mun rabu. Sai dai duk Sallah taubashina yakan aiko da cinyar rago, da nonon ayaba guda a kai, wai ko zan so in gaisa da tsohuwar abokiyar zama.