Isaiah da Farantan Rana

Isaiah mutumin Kaltungo ne, malamin asibiti. A shekarar 1981 aka turo shi wani ɗan ɗakin shan magani a Tumfure, lokacin wajen duk gonaki ne. Cikin garin Gombe ana ta kafa turakun lantarki, amma waya ba ta iso nan ba. Sai aka kawo masa firjin ajiye maganin rigakafi, da batir, da faranti biyu masu mai da hasken rana wuta.

Ba a daɗe ba ya gane halinsu. Da hantsi wutar kaɗan ce, da tsakar rana ta cika, in gajimare ya gifta sai ta faɗi nan take. Don haka ya ɗora su a kan benci, kullum sau uku yana ciccibarsu yana juya su su fuskanci rana. Tun yana yi da ƙarfinsa har bayansa ya fara ciwo.

Da rani ba laifi. Watan Agusta ne wahala. Wata shekara aka yi kwana biyar ana marka, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Ya sa hannu cikin firji ya ji ɗumi. Ya san maganin ya lalace.

Da safen nan Fatimatu, wata matar makiyayi, ta iso daga ruga da jaririyarta a goye, zaninta sharkaf.

"Malam, mun zo allurar."

"Ki yi haƙuri, yau babu."

"Ba ga kwalabe can ba? Da idona na gani."

"Sun sha zafi. In na yi mata, ruwa kawai na sa mata."

Ta dube shi, ta dubi sama, ta gyara goyo ta juya.

Daga ranar, da ya ga hadari ya kwana biyu, sai ya jera kwalaben a akwatin sanyi, ya ɗaure a bayan keke, ya tura cikin taɓo har gari, gidan ƙanwarsa Janet mai firjin kananzir. In gari ya washe ya koma ya ɗauko.

Shekara tara yana wannan jigila. Da aka mai da shi cikin gari, gwiwoyinsa sun riga sun ƙi keke, sai ya bar wa wanda ya gaje shi keken.