Gilashin da ban sauke mata ba

Shekara da shekaru mutanen Filinge na zagina da rowa saboda ba na sauke gilashin mota. Ban taɓa kula su ba, sai jiya.

Na kai 'yar motata gareji, wani sabon makanike ya ga gilasai huɗu a rufe cikin zafin nan. Ya ce, "Baba, don mi kake dafa kanka haka?"

Na ce iska na riƙe mota, ta sa ta shan isansi, wato mai. Haka direban da ya koya mini tuƙi ya ce.

"Gudu nawa kake yi?"

"Sittin. Ba na wucewa."

Ya yi dariya. "A sittin, Baba, abin da kake ragewa bai taka kara ya karya ba."

Ni ban yi dariya ba. Shekara uku ina kai matata Hadiza wankin ƙoda Yamai, kowane mako, da man da na auna daidai. In mun juyo da rana takan jingina kai ta ce, "Malam, sauke kaɗan in sha iska." In ce, "Yi haƙuri, man ba zai kai mu gida ba." Sai ta riƙa fifita da bakin mayafi. Har ta rasu ban sauke ba.

Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san lissafin iska ba. Ku da kuka yi, ku faɗa mini: makaniken nan ƙarya yake, ko zafin banza na sa ta sha? Kada ku rubuto Allah ya jiƙanta ku wuce. Gaisuwa na samu. So nake wani ya ba ni amsa.